Masu zana mana lise: sun iya sauraro, amma a ɗaure su da takarda

Tun da jan ginin makarantar nan tamu ta Maradi ya fara leƙowa daga bakin hanya, ba na rasa mai tsayar da ni a ƙofar masallaci ko wurin ɗaurin aure ya tambaye ni su wa suka zana shi, kuma ko ina ba da shawara a ɗauke su. Kwamitocin wasu unguwanni ma sun aiko. To ga amsata a dunƙule, in huta da maimaitawa. Ba zan kama sunan ofishin masu zanen ba, don akwai yabo akwai suka a abin da zan faɗa, kuma har yanzu aiki bai ƙare tsakaninmu ba.

Ni tsohon sirbeyan ne, wato mai kula da ɗa'ar ɗalibai. A bakin ƙofar makaranta na yi rayuwar aikina, ina tare ƴan latti, ina raba faɗa, ina zagaya bayan azuzuwa don koro masu laɓewa. Da na yi ritaya sai ƙungiyar iyayen unguwarmu ta ɗora mini sakatare, shi ya sa duk takardar da ta shiga tsakaninmu da ofishin nan ta hannuna ta bi. Abin da muka ƙudura shi ne kwaleji da lise, wato ƙaramar sakandare da babba, a shinge ɗaya, daga sizyam, ajin farko, har tarminal, ajin ƙarshe, a wani fili da wani dattijo ya ba mu sadaka can gefen gari, inda sababbin gidaje ke ta cinye gonakin hatsi. Kuɗin na karo-karo ne: iyaye jika biyu-biyu a wata, ƴan kasuwa gwargwadon hali, sai ƴan unguwa mazauna Kano da Kwatano da Abijan da ke aiko da nasu.

Aikin da ofishin ke sayarwa kashi uku ne: jin ra'ayin jama'a, zane da ƙiyasin kuɗi, sai sa ido lokacin gini. Kowane kashi da farashinsa, ana biya in an kammala shi. Na farkon ne ya ta da ƙura a kwamiti. Wani Alhaji daga cikin manyan masu ba mu kuɗi ya dube ni ya ce, "Malam sakatare, yanzu kuɗin hira za mu biya? Aji ai aji ne, mita 9 a 7, babu maginin Maradi da bai haddace shi ba." Bai yi ƙarya ba. Sai dai ni na san abin da wannan aji na siminti da kwano ke zama a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40. Daga sha ɗaya na safe kwano ya fara ƙara, yara na fifita da littafi, mushe, wato malami, na ta magana shi kaɗai, kuma daidai lokacin nan ne ake shirin BEPC da Bak, jarrabawar gama kwaleji da ta gama lise. Da ƙyar aka shawo kan Alhaji, bisa sharaɗin in hirar ba ta haifar da komai ba, mu sallame su tun daga nan.

Zaman farko kuwa saura kaɗan ya ba shi gaskiya. Sun zo da majigi da kwamfuta. Shugabarsu, wata mai zanen gini ƴar ƙasa da ta yi karatu a waje, ta yi bayani da Faransanci, wani matashi na fassarawa a gurguje. Maza a gaba bisa kujeru, mata a baya bisa tabarmi, yara a tsaye jikin bango. Mai unguwa ya yi godiya, Alhazai biyu suka ce a yi gini mai kyau, liman ya yi addu'a, aka watse. Na halarci irin wannan taro ba adadi a zamanin aikina, kuma kullum a rahoto sai ka ga an rubuta wai an tuntuɓi jama'a. Abin da ya fara ɗaga darajarsu a idona shi ne su da kansu suka ce wannan zama bai ƙirgu ba, ba za su sa shi cikin lissafi ba. Suka ajiye majigin, suka koma Hausa, suka kuma rarraba mutane: ƴan mata su kaɗai tare da mace a gidan Hajiya shugabar iyaye mata, samari a fili bayan la'asar, iyaye mata da hantsi amma ban da Litinin da Juma'a saboda kasuwa, malamai daban, har masu saida awara da ƙosai a ƙofar makarantu da wani tsohon mai gadi sai da aka zauna da su.

Salon tambayarsu ma ya burge ni. Ba sa cewa wace irin makaranta kake so, don amsar wannan kowa ya san ta: bene, fanka, kwamfuta. Cewa suke yi ka ba su labarin jiya, daga fitowarka gida har komawa. Ta wace hanya ka bi, ina ka ajiye kekenka, me ka ci da rekire, wato lokacin hutun tara, ina ka yi azahar, a wane wuri ne ka ji tsoro. Bayan haka sai a shimfiɗa tabarma a matsayin filin, a zuba guntayen kwali a matsayin azuzuwa, kowa ya matsar yadda ya ga ya dace, a yi ta gardama. Kuma sun fitar da mu duka, har Alhazai da manyan riguna, muka taka filin da ƙarfe ɗaya na rana. Wanda ya tsaya cikin ranar nan ba sai an yi masa dogon bayani a kan inuwa ba.

Zaman ƴan mata ban shiga ba, ba hurumina ba ne, daga bakin Hajiya na ji. Wai kusan duk maganarsu a kan bayi ta ƙare. Wannan bai zo mini baƙo ba. Na san yarinyar da ba ta shan ruwa da safe don kada buƙata ta kama ta a makaranta, na kuma san yadda rajistar masu fashin makaranta ke cika da sunayen manyan ƴan mata kwana uku ko huɗu a kowane wata, kowa ya san dalili, ba mai faɗa. A mafi yawan makarantun da na yi aiki, bayi na can ƙuryar shinge, na maza da na mata manne da juna, ƙofa na kallon fili, sai yarinya ta ratsa ƴan ƙwallo da buta a hannu. A zanen da suka fitar, na mata ya koma ɓangarensu, ƙofofin na kallon bango, da famfo a cikin kowane ɗaki, da wurin wanki da shanya a rufe, sannan ɗan ɗakin hutawa mai gado ɗaya jikin ofishin malama mace. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna a jihar Maradi kusan mata 9 cikin 10 ana aurar da su kafin shekara 18, mu ne kan gaba a Nijar. Ba na cewa famfo zai hana aure. Amma uban da ke neman hujjar cire ɗiyarsa daga makaranta, bai kamata a ce ginin da muka yi da kuɗinmu ne ya miƙa masa ita ba.

Iyaye mata da wuta suka fara. Ba a manta ranar 8 ga Nuwamba 2021 a garin nan ba, ranar da azuzuwan zana suka kama a wata makarantar firamare, yara ƙanana aƙalla 25 suka rasu, watanni kaɗan bayan wata irinta a Yamai ta ci yara 20. A lokacin hukuma da kanta ta ce akwai azuzuwan zana kusan 36,000 a faɗin ƙasa. Wata uwa ta ce wa shugabar ofishin, "Ɗiyata, ko me za ku yi, ku sa ƙofa biyu." Haka aka yi: kowane aji ƙofa biyu, masu buɗewa ta waje, kuma tagogin ba a kulle su da ƙarfe gaba ɗaya ba. Matan ba su tsaya nan ba, sai da suka sa aka rubuta cikin dokar ƙungiya cewa ba za a kafa rumfar zana a filin nan ba ko da ta wucin gadi ce. Wannan doka tana cin mu, don da zana da tuni mun buɗe azuzuwa ninki biyu, amma ban ji wanda ya yi ƙarfin halin neman a soke ta ba.

Ruwa kuma dattijon da ya ba mu filin ne ya kawo zancensa. Ambaliyar 2024 ba ta daɗe da wucewa ba a lokacin, shekarar da ruwan ƙarshen Agusta ya rushe gidaje a Maradi, aka ɗage komawa makaranta a duk ƙasa zuwa 28 ga Oktoba, mutane na kwance cikin azuzuwa. Tsoho ya ja injiniyansu da hannu ya nuna masa inda ruwa ke bi in an yi mai ƙarfi, wurin da ido ba ya ganin gangare amma mai noman wurin shekara da shekaru ya sani. Injiniyan ya auna da na'urarsa, ya dawo ya ce, "Baba, hanyarka ce daidai." Aka janye rukunin farko na gine-ginen daga wurin, aka ɗaga daɓen azuzuwa sama da ƙasa sosai. Shi dai tsohon ne ya hana a taɓa itatuwan gawo da ke filin. Dama ma'aikatan gandun daji ba za su bari a sare su ba, amma hujjarsa ta fi ta doka daɗi: gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi lif, wato lokacin da yara ke makaranta ne yake da inuwa. Sai aka zagaye su da gini, suka zama tsakar gida.

Shawarar da na fi so a duk aikin daga samari ta fito. Duk wanda ya san garin nan ya san in jarrabawa ta matso za ka ga ƴan turwaziyam, ajin ƙarshe na kwaleji, da ƴan tarminal ƙungiya-ƙungiya da dare, ƙarƙashin fitilar titi ko a ƙofar gidan wani mai hali, da ɗan allo jingine da bango, suna ta fama da lissafi. Suka ce su abin da suke so wurin da za su yi wannan ba tare da mai gida ya kore su ba. Sai ofishin ya zana doguwar rumfa ta bulo da kwano a bakin shinge, bangonta duk allo ne, da fitilun sola, da ƙofarta daban ta waje, yadda ɗan kowace makaranta zai shigo ya yi karatu da dare ba tare da ya shiga harabar ba. Ita muka fara gamawa, kuma tun kafin a buɗe aji ko ɗaya ta fara cika.

Ga wani gibi da ba su suka gano shi ba. A takardunsu "matasa" suke rubutawa, amma waɗanda suka tara duk masu zuwa makaranta ne. Hajiya ce ta tare shugabar ta ce, "Ɗiyata, waɗanda suka bari fa? Ai sun fi waɗannan yawa a unguwar nan." Ta amsa da cewa, "Inna, kin yi gaskiya," kuma ba ta yi girman kai ba, ta tura yaranta gareji-gareji, shagunan tela, tashar ƴan kabu-kabu. Abin da suka jiyo a can ya fi na ɗalibai ɗaci. Wani ya ce an kore shi a sankiyam, aji na biyu na kwaleji, bayan ya maimaita, ya fito ba ya iya ko ɗaura wayar wuta. Daga nan aka ƙara ɗakunan sana'a biyu masu buɗewa ta titi, ɗaya na ɗinki, ɗaya na haɗa sola da gyaran waya, waɗanda ɗalibai za su shiga da marece tare da waɗanda suka bari. Amma dai ofishin da ke tallar kansa da jin muryar matasa bai kamata a ce sai an tuna masa da wannan ba.

A nan kuma sun yi mana gaskiyar da wani ɗan kwangila ba zai yi ba. Wasu a kwamiti sun ɗauka sabon salo na nufin za mu tsara karatunmu yadda muka ga dama. Suka ce a'a. Manhaja ta ma'aikatar ilimi ce, ɓangarorin karatun lise na A da C da D suna nan yadda suke, izinin kafawa da na buɗewa a hannun hukuma suke, ɗakin sana'armu ba zai ba kowa takardar shaida ba, mai neman wannan ga Lise Teknik Ɗan Kasawa nan cikin gari. Abin da ke hannunmu shi ne ginin, da kuma awowin da ke bayan an tashi. Zancen haɗa maza da mata, wanda na zata zai raba ƙungiyar, cikin zama ɗaya aka kashe shi: ɓangare biyu, ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin karatu a tsakiya ana shiga bi da bi, wurin salla da na alwala kowa da nasa. Liman ya gamsu, malamai ma haka.

In aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya halatta musu kuɗin kashin farko, wata takarda ce mai layi uku da suka manna a ƙofar gidan mai unguwa. Layin farko abin da aka faɗa, ba tare da sunan mai faɗa ba. Na biyu inda maganar ta shiga cikin zane. Na uku, in ba ta shiga ba, dalili. Mai awara ta ce rana na kashe su a ƙofar makaranta: ga rumfar masu abinci, lamba kaza. Samari sun ce a yi bene: ba a yi ba, don tushensa kaɗai zai ci kuɗin azuzuwa da yawa. Na ga mata na sa jikokinsu su karanta musu, suna neman tasu maganar. Alhajin nan namu ya tsaya gabanta ya daɗe, bai ce komai ba, amma da aka zo biyan kashi na biyu shi ya fara miƙa nasa. Duk mai zuwa muku da zancen jin ra'ayin jama'a, ku tambaye shi ko zai yi irin wannan takarda.

Ginin kansa da bulon ƙasa ne, wanda ake matsewa da inji. Da suka faɗa, dattawa suka ɓata rai. Wani ya ce ginin ƙasa ai shi ruwa ya cinye a 1945 har garin ya baro kwarin Gulbi ya hawo tudu, yanzu kuma a ce mu koma? Suka nuna mana hotunan Dandaji a jihar Tawa, inda Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallaci ɗakin karatu suka gina sabo da irin wannan bulo, aka gama a 2018. Suka nuna na Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar ƙauyensu Gando a 2001, ya yi Lise Schorge a Kudugu da jan dutse a 2016, ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 2022. Hoto bai gamsar da kowa ba, sai da aka jiƙa bulo ɗaya a bokiti aka bar shi ya kwana, aka ciro shi bai narke ba. Ba tubalin laka ba ne irin na kakanninmu: jar ƙasa ce ake tankaɗewa, a sa siminti kaɗan, a matse, a lulluɓe da leda kusan mako huɗu ana yayyafa ruwa. Tushe na dutse da siminti ne. Rufi biyu ne, na bulo a ƙasa, kwano a sama da tazara tsakani don iska ta kwashe zafin. Dogayen bangaye na kallon kudu da arewa don ranar safe da ta marece su faɗa kan gajerun, kuma bangon gabas an tsawaita masa baki, tunda daga can hadari ke bugowa, abin da kowane tsohon magini ya sani. Na shiga aji da tsakar rana a bazarar da ta wuce, na fito na shiga shagon siminti da ke tsallaken hanya, bambancin ba ya buƙatar ma'auni. Kwanon kuma na zuba ruwansa a tanki. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya bisa murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, to rufin aji guda a daminar milimita 500 ya haura lita 30,000.

Sai dai sun ce mana zai fi siminti araha, kuma bai fi ba. Ƙasar filinmu rairayi ce, jigawa, ba ta matsuwa, dole aka riƙa ɗauko jar ƙasa da tifa daga nesa. Maginanmu ba su saba da shi ba, koyarwa ta ci lokaci, an zubar da bulo da yawa kafin hannu ya faɗa. In aka haɗa duka, kusan kunnen doki ne da bulon simintin Malbaza. Da sanyin ɗaki suka tallata shi kawai, da ba ni da ta cewa.

Babban laifinsu kuwa a wajen kuɗi yake, kuma shi ne ya kusa ɓata duk alherin da suka shuka. Lokacin da ake matsar da kwalaye bisa tabarma, ba a manna wa ko ɗaya farashi ba. Yara suka sa filin ƙwallo mai ciyawa, ɗakin kwamfuta mai na'urar sanyi, babban zauren taro, gidan kwanan ƴan matan ƙauye da ke zama a hannun dangi cikin gari, kowa na tafi. Kamar ka kai yaro kasuwa ranar Juma'a ka ce ya zaɓi abin da ransa ke so, alhali ka san abin da ke aljihunka. Da ƙiyasi ya iso, ya ninka abin da muke iya tarawa, dole a yanke. Su wa suka yanke? Mu, dattawan kwamiti, a falon Alhaji, da dare, babu yaro ko ɗaya, babu mace sai Hajiya. Ofishin bai hana ba, don a yarjejeniyarsu jin ra'ayi ya ƙare tun kashi na farko. Wato an kira matasa wurin mafarki, ba a kira su wurin zaɓi ba, alhali zaɓin nan shi ne ainihin zanen makarantar. Da labari ya fita, wani saurayi ɗan tarminal ya same ni a rumfar dare, cikin ladabi ya ce, "Baba, da kun ce mana ɗaya za a iya, da mun bar ciyawar mun riƙe gidan kwanan. Ƙanwata a gidan mutane take." Mu kuwa gidan kwanan muka fara sokewa saboda shi ya fi tsada, muka bar wurin zauren taro. Sai da aka sake zama, a kan kuɗinmu, wannan karon kowane kwali da farashinsa rubuce a bayansa, aka ba kowane rukuni adadin da ba za su wuce ba. Gardamar ranar ta fi duk na baya zafi da amfani. Zaure ya fita, gidan kwana ya dawo cikin rukuni na biyu na gine-gine, ƙarami. Da na tambayi shugabar me ya sa ba su yi haka tun farko ba, ta ce ba sa son kuɗi ya daƙile tunanin yara. Ban karɓi wannan ba. Yaron da ke saida ruwan leda bayan an tashi don ya sayi littafi ya fi ni da ita sanin lissafi. Tun daga ranar ƙungiya ta ware kujeru biyu a kwamiti, saurayi ɗaya budurwa ɗaya, da ƙuri'a cikakkiya.

Sa ido a kan gini shi ma da sauransa. Mazauninsu Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan, zuwansu jefi-jefi ne. Mafi yawan dubawa ta WhatsApp ake yi, shugaban magina ya ɗauki hoto ya tura, amsa ta zo bayan kwana biyu, ma'aikata na zaune ana biyansu. Akwai bangon da aka ɗaga har wuya kafin a ce a sauke shi. Duk mai ɗaukarsu ya sa cikin yarjejeniya cewa mutuminsu zai tare a Maradi har a rufe ginin farko, ya kuma sa zaman yanke kuɗi tare da matasa da mata cikin farashin tun farko.

Akwai kuma inda muka saɓa da su har yau. Sun zana wasu ƴan lunguna da dakali tsakanin azuzuwa, wai wurin da yaro zai keɓe ya yi nazari cikin natsuwa, kuma ɗalibai sun so su ƙwarai. Ni da na yi shekaru ina zagaya bayan azuzuwa na san abin da ake yi a lungun da idon babba ba ya kaiwa: taba, cin zalin ƙanana, da abin da ya fi haka. Na nemi a tsaya a ƙofar ofishin sirbeyan a ga babbar ƙofa, a ga hanyar bayi, a ga bakin kowane lungu. Biyun farko sun yi mini. Na ukun sun huda bangayen da ramukan iska, suka ce ya wadatar. A ganina bai wadatar ba, kuma na sa an rubuta haka cikin rahoton taro.

Na ƙarshe shi ne takardu. Hira da Hausa aka yi ta, takardar ƙofar mai unguwa da Hausa, amma ƙiyasi da yarjejeniya da littafin kula da gini duk da Faransanci suka zo, irin na injiniyoyi, wanda ni kaina sai na nemi mai warware mini wasu wurare. Littafin nan shi ke faɗin yadda za a wanke tanki kafin damina, yadda za a goge farantan sola lokacin hunturu, da abin da ba a shafa wa bulon ƙasa. Mai gadi da maginin unguwa ne za su yi aiki da shi, ba mu ba. A ƙasar da kundinta na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, wannan ba abin roƙo ba ne. Sun yi alkawari, an daɗe ana jira. Ragowar kuɗinsu na kashi na uku na hannun ma'ajinmu, kuma mun rubuta musu cewa ba zai fita ba sai littafin ya iso da Hausa, da boko da ajami, tunda mai gadin namu ajami yake karantawa.